Motar da Ta Faɗo a Tumunina

Shekarun baya, lokacin da garin nan namu na Yola ya cika da mutanen da suka gudo daga Mubi da Michika da Madagali, na yi wani abu da har yau dangin mijina suke kira taurin kai. Ni kuma ban taɓa musawa ba. Wata daga cikin masu bibiyata a shafin nan ce ta ga hoton motata, ta ce, "Mama, wannan tsohuwar kuma daga ina?" Na ce mata labarin yana da ɗan tsawo, ta bari in samu zama. To yau na samu. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci.

Motar irin wadda ake ce wa kunkuru ce, mai doron nan, injinta a baya. Ta marigayi maigidana ce, wanda kowa ke kira Malam saboda koyarwa yake yi a firamare. Tun yana saurayi ya saye ta a hannun wani. A cikinta yake kai ni ajin yamma, ya tsaya a waje yana duba aikin ɗalibansa har in fito. Matan unguwa suna ta magana, wai uwar yara guda ta koma riƙe fensir. Shi ko a jikinsa. Daga baya motar ta fara tari, wata rana ta tsaya a ƙofar gida ta ƙi tashi. Kullum sai ya ce, "Bari in yi ritaya, ni da kaina zan tayar da ita." Ya yi ritayar, ciwo ya biyo baya, Allah ya karɓi abinsa.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya yi rabon ya tambaya ina za a sa motar. Babu wanda ya ɗaga kai. Wan mijina, wanda muke kira Hamma, shi ne babban namiji a gidan, ya ce a jefa ta cikin tumunina kawai, wato kason da ke zuwa wa matar mamaci, in ya so daga baya a sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Haka aka yi. Ban sayar ba, ban kuma taɓa ta ba. Gidanmu tsohon gida ne a Yola Gari, zaure ɗaya ne mashiga, mota ba ta shiga. Sai ta ci gaba da zama a gindin dogonyaron ƙofar gida, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

Ana nan sai tashin hankali ya zo. Gidanmu ya cika har ɗakin ajiya. Cikin waɗanda suka sauka a wurinmu akwai yayar mijina, Adda, wadda ta taho daga Mubi a ƙafa ta bayan duwatsu. Mijinta tun a hanya suka rabu, ba a sake jin labarinsa ba. Adda mace ce mai surutu da dariya a da, amma ta zo mana kamar bebiya. Ta gaishe ka, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta koma lungu ta zauna. Kowa kuma a gari maganarsa ɗaya, wai Yola ce ta gaba. Mutane suna sayar da abin da ba za su iya gudu da shi ba. Ni ma akwai ƙullin kayan yara a ƙarƙashin gadona, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan bam ya tashi a kasuwa can Jimeta, sai Jauro, mai unguwarmu, ya tara magidanta. Aka yanke cewa duk motar da ke yashe a bakin titi ba ta tafiya, a kawar da ita, don kada wani ya ɓoye mugun abu a ciki. Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Hamma ya zo da yamma ya zauna a zaure, ya aika a kira ni. Tsakanina da shi akwai kunya, don haka a bayan labule na durƙusa.

Ya ce, "Uwar yara, kin ji abin da aka yanke. Na yi magana da 'yan gwangwan, za su zo su yanka ta su kwashe."

Na ce, "Hamma, me Jauro ya ce daidai? Kowace mota, ko wadda ba ta tafiya?"

Ya ce, "Wadda ba ta tafiya. To wannan tafiya take yi?"

Na ce, "In ta yi fa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi kansa Malam da ya san ta ciki da waje ya gaza. Na bari ya gama. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, yarana ma sun san in na yi ƙasa da murya to magana ta yi nauyi. Na ce, "Ku gafarce ni, Hamma, amma ku da bakinku kuka ce a sa ta a tumunina. Ina roƙon ku nema mini lokaci wurin Jauro."

Ya san gaskiya ne, a gaban malamai aka yi. Washegari ya aiko cewa Jauro ya ba ni zuwa babbar Sallah. In ta wuce motar ba ta motsa da kanta ba, kada in sake cewa komai.

Na fara zuwa wurin wani bakanike a bakin titi. Ya zo ya leƙa, ya ɗaga murfin baya, ɓera ya fito ya bi ta kan ƙafarsa. Ya ce, "Hajiya, wannan sai dai a yi mata sallah a kai ta." Na gode masa, na ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Abin da mutane suka manta shi ne ina da injin markaɗe a tsakar gida. Da shi na riƙe yarana. Tun Malam yana da rai ni nake wanke fulogi, in canja baƙin mai, in ɗaure bel. Na san in inji ya ƙi tashi, ko mai ne bai isa ba, ko wuta, ko iska. Na ce a raina, ai wannan ma inji ce, girma kawai ta fi nawa. Yanzu in na tuna wannan tunanin dariya nake yi, amma da ban yi shi ba da ban fara ba. Na jawo akwatin sifanun Malam daga bayan ƙofa, na ɗaura tsohon zane, na fita.

Da farko na kewaye motar da zana don kada maza su riƙa kallona ina sunkuye. Ba a jima ba 'yan sintirin unguwa suka zo, suka ce, "Mama, a wannan lokacin ki rufe mota da zana kina ƙwanƙwasa ƙarfe a ciki? Don Allah ki cire, kada baƙin jami'ai su zo su gani." Na cire. Daga ranar a fili nake aikina, duk mai wucewa masallaci sai ya tofa tasa.

"Injiniya, an tashi lafiya?"

"Injiniya, yaushe za mu Makka a cikinta?"

Nakan ce, "Lafiya lau. Ku dai ku tanadi guzuri."

Injin ya kafe, ko motsi ba ya yi. Na cire fulogan, na ɗura kananzir da baƙin mai a ramukan, na bar shi ya jiƙa. Kowace safiya bayan na sallami masu markaɗe sai in sa babbar sifana a kan ƙarfen da bel ke zagayawa, in danna da duk nauyina. Shiru. Na daɗe a haka har hannuna ya yi kanta a kan kanta. Wata safiya na danna, sai na ji ya ɗan saki, kamar tsohuwa ta juya a kan gado. Na zauna a ƙasa ina hamdala. Wani mai kai yara makaranta ya tsaya ya ce ko na ji ciwo ne.

Daga nan na shiga kwance-kwance. Tsorona ɗaya, kada in kwance abu in manta inda ya fito. Sai na ɗauko kwanukan aurena, masu fulawa ɗin nan da mahaifiyata ta jera mini, waɗanda ko baƙo ba na zuba wa abinci a ciki. Kowane sashe da kwanonsa. Notocin nan a wannan, na can a wancan, kabireta, wato abin da ke haɗa mai da iska, ita kaɗai a babbar langa da 'yan ƙananan kayan cikinta. Na jera su a ƙarƙashin rumfa yadda na kwance su, daga dama zuwa hagu.

Wata rana na tafi gaisuwar rasuwa a Mbamba. Ina dawowa na tarar da kwanukana a kife a kan tabarma, an wanke su tas suna ƙyalli. A gefe ga babban baho, an zube duk notoci da ƙarafa wuri ɗaya, an dirje su da toka da soso. Adda tana tsaye tana goge hannu. A karon farko tun zuwanta na ga fuskarta ta saki.

Ta ce, "Na ga kwanon aurenki ya yi baƙi da mai, zuciyana bai so ba. Ƙarfen ma na wanke miki duka."

Jama'a! Aikin makonni ne ya narke a bahon nan. Amma wa zai yi wa Adda faɗa? Matar da ta bar gidanta da tukunya a kan wuta, ta zo gidan ƙaninta da ba ya raye, abin da take da shi na godiya hannunta ne kawai. A wajenmu baƙuwa ba ta zama ta ga ƙazanta ta ƙyale. Na haɗiye fushina. Na ce, "Sannu da aiki, Adda. Kai, sun yi kyau." Na shiga ɗaki na ɗan yi abin da zan yi, na wanke fuska na fito.

Ita ma ba yarinya ba ce, ta gane. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Na ɓata, ko?" Na ce, "An ɗan gauraya ne." Ta tashi ta ɗauko faifai biyu. Muka zuba notocin muka shiga tsinta kamar masu tsintar wake, manya gefe, ƙanana gefe, masu dogon wuya gefe. Kowane ɗaya sai na kai shi jikin injin na gwada rami bayan rami. Mun yi kwanaki a haka. A kan faifan nan ne Adda ta fara magana. Ba ta kalle ni ba, idonta na kan notoci, ta ba ni labarin hanyar da suka biyo da inda ta waiwaya ba ta ga mijinta ba. Ni dai na ci gaba da miƙa mata faifai. Tun daga ranar ta zama abokiyar aikina. Ita ke riƙe, ni ina ɗaurewa.

Muka wanke tanki, tsatsa ta fito kamar kunun kanwa. Mai faci ya lallaɓa tayoyin. Na ari batir wurin maƙwabcinmu mai shago. Na murza makulli, injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Na cire fulogi na kara a jikin ƙarfe kamar yadda nake yi wa injin markaɗe, Adda ta murza. Babu wuta ko ƙyas. Na bi wayar fulogin a hankali har ta kai ni ga wani ƙarfe mai kama da gwangwanin madara dogo, wayoyi suna fita daga kansa. Kwayil ake ce masa, shi ke ba fulogi wuta. Na ce to, sai an je Jimeta wurin masu kayan gyara, a nuna musu a samo irinsa.

A nan na yi wautar da ta kusa kai ni lahira.

Kun san mu mata, abin da za ka ji kunyar a gan ka da shi, cikin hijabi yake shiga. Ni kuma kunya nake ji a ce ga matar Malam tana yawo da baƙin ƙarfe a hannu. Sai na kwance kwayil ɗin da wayoyinsa, na riƙe shi a ƙirji, na zura dogon hijabina a kai, na hau keke zuwa Jimeta. Wallahi ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba. Kaina yana can wurin fulogi.

A ƙofar kasuwa an sa igiya, 'yan sintiri suna bincike, mata suna ɗaga hijabi ɗaya bayan ɗaya. Layi ya zo kaina. Wani saurayi mai sanda ya ce, "Mama, ɗaga." Na ɗaga.

Ban taɓa ganin wuri ya watse da sauri haka ba. Wata ta yi salati da ƙarfi, mai lemo ya bar baronsa, takalma ko'ina. Kafin in gane me ke faruwa ni kaɗai ce a tsakiyar fili, ga ƙarfe da wayoyi a ƙirjina. Can nesa maza sun fara ɗaukar duwatsu. Wani mai bindigar farauta ya durƙusa ya saita ni. A lokacin nan mace ba ta buƙatar ta yi laifi, a ce an zarge ta ma ya isa.

Ƙafafuna suka ce in gudu. Na san in na gudu shi ke nan. Sai na durƙusa a hankali, na ajiye kwayil ɗin a ƙasa kamar mai ajiye jariri, na buɗe tafin hannuna biyu. Na ce, "Kayan mota ne. Don Allah a kira mai sayar da kayan mota ya duba." Muryata ba ta da ƙarfi ko a ranar lafiya, balle ranar. Babu wanda ya ji. Na sake faɗa. Dutse ɗaya ya faɗi kusa da gwiwata.

Allah ya kawo wani ɗan kasuwa Ibo mai shagon kayan gyara a bakin ƙofar. Ya leƙo daga bayan ƙyaurensa, ya ƙura ido, sai ya fito yana ɗaga hannu. "Oga, tsaya, tsaya! Kwayil ne! Kwayil na mota, na kunkuru ma!" Ya zo ya ɗauka ya ɗaga sama yana juya shi. Sannan ya juyo kaina. "Madam, kina so ki kashe kanki? Wane bakanike ya aike ki da wannan cikin hijabi?"

Na ce, "Ni ce bakaniken."

Ya dube ni, ya dubi baƙin man da ke ƙarƙashin farcena. Bai yi dariya ba. Bayan 'yan sintiri sun gama yi mini faɗa, wanda na sha kuma na cancanta, ya kai ni shagonsa ya ba ni kujera da ruwa. Ya shiga can ciki ya daɗe yana haƙa, ya fito da irinsa, tsoho amma mai rai. Ya sa mini a farar leda mai nuna abin da ke ciki, ya ce, "Riƙe shi a sama, kowa ya gani."

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Hamma yana zaure, ko sallamata bai amsa da kyau ba. Ranar bai jira labule ba.

Ya ce, "Da an kashe ki fa? Me zan ce wa yaran nan? Uwarku ta mutu a kan gwangwani? Sunan gidanmu a bakin 'yan kasuwa! Gobe za a zo a yanka ta, magana ta ƙare."

Gaskiyarsa ce, kuma tsoro ne ya sa shi faɗa, na gani a idonsa. Na durƙusa na ce, "Hamma, na yi kuskure, kuma ba zan sake ɓoye komai a hijabi ba. Amma Sallah ba ta zo ba. Jauro ya ba ni zuwa Sallah."

"Ke ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji, Hamma. Sallah ba ta zo ba."

Sai ga muryar Adda daga tsakar gida, ita da ke gaba da shi a haihuwa. "Kai, bar yarinyan nan. Ni na bar gida, na bar gona, na bar akuya, ban tsaya na ce a'a ba ko sau ɗaya. Ita ta ce a'a. Ka bar ta." Hamma ya kaɗa rigarsa ya fita.

Daga ranar, duk abin da zan kai Jimeta a kan faranti nake ɗora shi, in ɗauka a ka kamar mai talla. 'Yan sintirin ƙofar kasuwa suka san ni. In sun hango ni sai su ce, "Injiniya, yau me aka soya?" In ce, "Fambel ne, da zafinsa." Kunyar da ta sa na ɓoye ƙarfe ban san inda ta tafi ba.

Ana saura kwana kaɗan Sallah injin ya kama. Ya yi tari, ya yi harbi, hayaƙi ya turnuƙe lungu, kaji suka watse, sannan ya zauna yana wannan ƙara tasa ta kunkuru da duk wanda ya san ta ba ya mantawa. Na kashe shi da sauri don man da na saya kaɗan ne. Matsalar da ta rage, ban iya tuƙi ba. Abin da na sani shi ne abin da na gani shekara da shekaru ina zaune gefen Malam. Sai na riƙa shiga motar a tsaye ina gwada kuloci da giya, Adda a gefe tana cewa, "Ba haka yake yi ba, shi a hankali yake ɗaga ƙafa."

Washegarin Sallah da hantsi Jauro ya zo, Hamma na biye, 'yan gwangwan biyu kuma da kurarsu da guduma, don Hamma bai yarda za ta motsa ba. Unguwa ta fito, ana ta suyar nama, kowa da tsinke a hannu. Na sa aka kore yara daga hanya. Na shiga na yi bismilla na murza. Batir ya yi ƙugi sau biyu ya mutu.

Ɗaya daga 'yan gwangwan ya ce, "Hajiya, sauko kada rana ta yi."

Adda ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta kira matan da ke zaune a gidanmu, duk 'yan gudun hijira. Suka dafa bayan motar. Hamma ya ce, "Jauro, turi ba tafiya ba ne." Jauro ya ce, "Bari mu gani." Suka tura, na saki kuloci yadda na ga Malam yana yi in batir ya yi sanyi. Ta yi tsalle, ta yi harbi, ta kama. Matan suka rangaɗa guɗa. Ga ni ina tafiya, ni kaɗai, hannu biyu a sitiyari, dogonyaro yana komawa baya.

Na wuce shagon maƙwabci, na wuce masallaci. Na ce to ya isa haka, bari in tsaya. Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga.

Jama'a, injin markaɗe ba shi da birki. Wata da watanni ina fama da yadda za ta tashi, ko rana ɗaya ban yi tunanin yadda za ta tsaya ba.

Allah ya taimake ni a giya ta ɗaya take, tafiyar ba ta fi saurin mai sassarfa ba. Amma lungun yana gangarawa zuwa babban titi. Na leƙa madubi, sai ga Hamma, dattijo guda, ya tattare babbar rigar Sallah yana gudu, hularsa ta faɗi, yana ihu, "Birkin hannu! Ja na hannu! Kashe makulli!" Na ja na hannun, ya taho mini kamar ba a ɗaure shi da komai ba. Tsoro ya hana ni sakin sitiyari in kama makulli. Can na hango tulin yashin wani mai gini a gefen hanya. Na karkata na nufe shi, na rufe ido. Motar ta nutsa hancinta a ciki, ta yi ajiyar zuciya, ta mutu.

Hamma ya iso yana haki, ya buɗe ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa ya ga ba abin da ya same ni. Jama'a suka taru, Jauro ya ƙaraso a hankali da sandarsa, ya zagaya motar, ya waiwaya ya dubi nisan da ke tsakaninta da ƙofar gidanmu. Ɗan gwangwan ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya ke nan?"

Jauro ya ce, "Mu motar da ba ta tafiya muka ce a kawar. Wannan tsayawa ce ba ta iya ba. Ku tafi da kurarku."

Hamma ya karɓi hularsa daga hannun wani, ya kaɗe ta. Bai kalle ni ba ya ce, "Kada ki sake hawa sai an gyara birkin nan. Bututun man birkin ne ya ruɓe, tun Malam na da rai na faɗa masa." Na ce, "To, Hamma." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, kuma ni ya ishe ni.

Birkin ya ɗauke ni wata damina guda. Fenti ya zo daga baya, kujeru kuma wani tela ya rufe mini su. Na koyi tuƙi yadda ya kamata, na yi takardu. Yau lafiya ta samu daidai gwargwado, baƙinmu sun koma garuruwansu, Adda ma ta koma wurin 'ya'yanta, mijinta dai har yanzu shiru. Motar tana nan. Tana ɗigar mai, ba ta son ruwan sama, in na hau gadar Jimeta manyan motoci suna yi mini hon kamar na tare musu gado. Ba na sauri don kowa.

'Yata ta fari takan ce, "Dada, tsakani da Allah, da an jefe ki ranar nan fa? A kan ƙarfe?" Ni dai ba na ce wa kowa ya yi irin wautata. Abin da na sani, a shekarar nan kullum ana gaya mana abin da za mu bari. Bar zuwa kasuwa, bar zaman ƙofar gida, bar dogon hijabi, shirya barin garin ma gaba ɗaya. Kowanne da dalilinsa mai kyau, kuma na bi. Da aka zo kan motar nan ne na ji in na ce to, ba abin da zai rage wanda ni na zaɓa. Masu kashe mutane ba su taɓa sanin da ni ba, ba su san lungunmu ba. Amma kowace safiya da na fita da sifana a gaban kowa, da su nake.